Zauren Tambaya: Abuja Tana Girma, Amma Don Wa?

Assalamu alaikum, masu karatu. Yawancin wasiƙun da suka zo zauren nan a wannan wata a kan Abuja suke, sai na zaɓi huɗu. Ga wanda bai san ni ba, na shigo garin nan a 1983 a bayan motar 'yan kwangila, ina saurayi mai riƙe wa masu awon ƙasa sanda. Daga baya na yi karatu na zama safiyo, na yi aikin har na ajiye. Yanzu ina zaune a Kubwa. Da yawa daga wuraren da zan ambata na taka su tun suna dawa da gonakin doya.

Tambaya: Baba, barka da hutawa. Ina aiki a wani shago a kasuwar Wuse, amma a Masaka nake kwana. Ƙarfe huɗu da rabi nake barin ɗaki, sau da yawa a bakin titi nake sallar asuba, da dare kuma kafin in isa gida 'yata ta yi barci. Kullum muna ji a rediyo an buɗe sabuwar gada, an buɗe sabon titi, har an ce jirgin ƙasan cikin gari ya dawo aiki. To, mu me ya sa ba mu gani a ƙasa ba? (Wani mai karatu daga Masaka)

Amsa: Ɗana, Allah ya yi wa nema albarka. Hanyar nan taka na san ta. Kwanakin baya na kwana a Mararaba wajen sunan jikata, na biyo ayarin asuba zan koma gida. Tun kafin a kira assalatu mutane sun yi dafifi a bakin titi, mota ba ta gama tsayawa an cika ta, biyu a gaba, huɗu a baya. Wata baiwar Allah da ke kusa da ni, sanye da fararen kayan asibiti, ta jingina kai da gilashi tana barci, kular abincinta a cinya. Ba ta farka ba sai da muka haye tudun Kugbo muka gangaro mahaɗar hanyoyi ta AYA, a bakin birni. Tafiyar da ba ta fi ta minti ashirin ba in hanya a buɗe take, ta ci mana kusan awa biyu. Na yi ta tunanin marar lafiyar da zai faɗa hannunta da safen nan, da kuma ita kanta.

Ciwon ya daɗe. Janar Murtala Muhammad ya sa hannu a dokar kafa sabon babban birni ranar 3 ga Fabrairu 1976, bisa shawarar kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda, kwana goma kacal kafin a kashe shi. Babban dalilin barin Legas shi ne cunkoso da ƙarancin fili. Wani kamfanin Amurka ya zana babbar taswirar birnin a 1979, wani gwanin zane ɗan Japan, Kenzo Tange, ya tsara tsakiyarsa. An yi lissafin mutum wajen miliyan uku in an kammala gini, kuma a taswirar an ware hanyoyi na musamman don motocin haya da jirgin ƙasa, su ratsa cikin unguwanni. Da gwamnati ta tare a ranar 12 ga Disamba 1991, zamanin Janar Babangida, ofisoshi sun samu, gidajen manya sun samu, amma waɗannan hanyoyi na talaka suka zauna a takarda. Mai gadi da direba da mai shara da yaron shago, waɗanda ba a buɗe ofis sai da su, ba su iya kama ɗaki a Garki ko Wuse ba, sai suka yi ta matsawa baya. Rusau na zamanin ministan Abuja Malam Nasiru El-Rufa'i, tsakanin 2003 da 2007, ya ƙara tura dubban mutane bayan gari. A 2006 aka hana acaɓa a tsakiyar birni, a 2013 aka kori ƙananan bas ɗin nan koraye da muke kira araba. Dogayen bas da aka kawo a madadinsu ba su taɓa isar jama'a ba.

Ga kuma wani ƙulli da mutane ba su cika lura da shi ba. Mararaba da Ado da Masaka ba a cikin Abuja suke ba, ƙaramar hukumar Karu ce ta jihar Nasarawa. Ƙarfinka a Abuja kake zubar da shi, barcinka a Nasarawa. Kasafin ministan Abuja yana tsayawa a Nyanya, gwamnan da ke Lafiya kuma yana da nasa nauyin. Kun zama marayu a tsakanin iyaye biyu.

Batun jirgi kuwa, gaskiya ne yana tafiya. An ba da kwangilarsa a 2007, Shugaba Buhari ya buɗe shi a Yulin 2018, ya tsaya a 2020 lokacin korona, Shugaba Tinubu ya sake buɗe shi a Mayun 2024. Ya ci sama da dala miliyan 800, kuma miliyan 500 a ciki bashi ne daga wani bankin gwamnatin Sin. Na shiga, yana da tsabta da sanyi. Amma duba inda yake bi: daga tsakiyar gari zuwa filin jirgin sama, sai reshe daga Idu ta Gwagwa da Dei-Dei zuwa Gbazango a nan Kubwa. Wasu tashoshin suna nesa da gidajen mutane, sai ka hau wani abin hawan kafin ka kai. Layin da aka tsara zai nufi Nyanya, inda jama'a suka fi yawa, ba a kafa masa ko ƙarfe ɗaya ba. A ganina an fara gini ne daga inda baƙo zai gani, aka bar inda ɗan gida ke shan wuya.

Ba na raina titi. Wanda ya san hanyar Kubwa kafin a mai da ita layi goma ba zai raina ba, kuma ayyukan da aka farfaɗo da su tun zuwan Minista Nyesom Wike a 2023 sun rage wahala a wurare da dama. Sai dai titi mai mota yake fara yi wa amfani. In an faɗaɗa shi, bayan 'yan shekaru motoci su sake cika shi. Abin da zai dawo maka da barcinka shi ne dogayen bas masu yawa da layinsu na kansu wanda ba mai shiga, daga Masaka har Berger, sannan jirgi a bayansu. An gina tashoshin mota na zamani a Kugbo da Mabushi, to amma tasha ba ta ɗaukar kowa sai an zuba mata motoci. Wannan ita ce maganar da ya kamata ƙungiyarku ta 'yan kasuwa ta riƙa kai wa duk ɗan siyasar da ya zo neman ƙuri'a, na Abuja da na Nasarawa. Kafin nan, don Allah komai sauri kada ka shiga motar da ba ta tasha ba, musamman da duhu. 'Yan wan-cans, masu fashi da ke shigar direbobin haya, gajiyar mutane suke jira.

Tambaya: Malam, ina yi maka fatan alheri. Maigidana ya rasu bara, an raba gado, na haɗa rabona da na marayuna uku. Wani dillali ɗan unguwarmu ya ce akwai fili mai araha a bayan Kuje, ya ce gari na tafiya can, nan da shekara biyar kuɗin zai ninka sau uku. Ya nuna mini takarda da sa hannun mai gari da shaidu. In saya? (Wata mai karatu daga Funtuwa)

Amsa: Hajiya, Allah ya jiƙan maigida, ya raya abin da ya bari. Kada ki saya da wannan takarda. Na fara da amsar ne don kada ta ɓace a cikin bayani.

Ƙasar Abuja ba kamar ta Funtuwa ba ce. Tsarin mulki ya damƙa duk faɗin yankin, kusan murabba'in kilomita 8,000, a hannun gwamnatin tarayya, kuma minista ne ke ba da fili a madadin shugaban ƙasa. Mai gari zai iya ba ki wurin noma ko wurin zama bisa mutunci, kuma yana iya kasancewa mutumin kirki ne wanda kakanninsa suka noma wurin, amma sa hannunsa ba ya hana katafila. Hatta takardun da ƙananan hukumomin yankin shida suka bayar a da, sai an kai su an tantance kafin su zama abin dogaro, kuma masu jiran wannan tantancewa suna da yawa.

Na ga abin da idona. Wani abokin zamana, direba ne, ya tara kuɗin shekara goma sha ɗaya ya sayi irin wannan fili a gefen wani ƙauye. Na faɗa masa ban ga dutsen safiyo ko ɗaya a kusurwoyin ba, ya ce kowa a layin haka ya saya. Ya yi ɗaki biyu da falo, ya rufa kwano, ya tare. Wata safiya suka tashi suka ga an shafa jan fenti a bango. Ranar da aka zo rusawa ina wurin. Abin da ban manta ba shi ne matarsa tana tsintar ƙusoshi a cikin ɓaraguzai tana zubawa a gwangwanin madara, wai za su yi amfani a wani ginin. Har ya rasu a gidan haya yake.

In kin ƙudurta sai Abuja, ga yadda ake yi. Ki nemi lauya naki na kanki, ba wanda dillali ya kawo ba. Ya karɓi lambar fayil ɗin filin, ya je hukumar AGIS, wadda ke riƙe da bayanan filayen birnin a kwamfuta, ya biya kuɗin bincike, a ba shi amsa a rubuce: sunan wa filin yake, an jinginar da shi a banki ko a'a, an ƙwace ko yana nan, kuma don me aka ware wurin. Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci, domin fili na iya zama na gaske amma a taswira hanya ce ko makaranta ko magudanar ruwa. Sannan safiyo ya je da na'ura ya tabbatar filin da ke takarda shi ne wanda aka nuna miki a ƙasa. Sau da yawa takarda ta gaskiya ce, filin ne na wani. Ko bayan kin sami takardar mallaka, wadda ake kira C of O, akwai kuɗin ƙasa da ake biya duk shekara. A Maris 2025 an soke takardun filaye sama da 4,000 a manyan unguwanni irin su Maitama da Asokoro da Wuse da Garki saboda an daɗe ba a biya ba.

Maganar “gari na tafiya can” kuma, ki riƙe ta da hannu biyu-biyu. A 2014 aka ƙaddamar da Centenary City a kusa da filin jirgin sama, aka ce birni ne na dala biliyan 18, shugaban ƙasa da kansa ya je. Shekara goma bayan haka mai wucewa ba abin da yake gani sai fili. In aikin da manyan ƙasa suka tsaya masa zai iya yin wannan jinkiri, alkawarin dillali na shekara biyar fa? Ni abin da nake dubawa kafin in ce wuri zai yi daraja shi ne ruwa. Abuja tana sha ne daga madatsar Usuma da ke wajen Ushafa, ana ƙara mata daga madatsar Gurara ta jihar Kaduna, amma bututun bai kai yawancin unguwannin bayan gari ba. Duk inda kika ga 'yan garuwa na tura kura cike da jarkoki tun asuba, kowane gida kuma da rijiyar burtsatse, to gwamnati ba ta iso ba tukuna, ko da an kafa ƙofa mai ado an rubuta sunan rukunin gidaje.

Kuma Hajiya, dukiyar marayu amana ce. Shago ɗaya a Funtuwa da kike gani da idonki, kina karɓar hayarsa, ya fi mini kwanciyar hankali a kan fili a dajin da ba ki taɓa takawa ba.

Tambaya: Baba, muna gardama a makaranta. Wai da gaske ne sunan Abuja na Hausa ne? (Wani ɗalibi daga Damagaram)

Amsa: Da gaske ne, ɗana, ka ci gardama. Lokacin jihadi, Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya bar Zariya da jama'arsa ya yi kudu. Ɗan'uwansa Abubakar, wanda ake kira Abu Ja saboda hasken fatarsa, shi ya gaje shi, ya kafa gari a 1828 aka sa masa sunansa. Da aka zo gina babban birni sai aka ɗauki sunan, tsohon garin kuma ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. Yana nan a jihar Neja, kusa da dutsen Zuma.

Amma ka gaya wa abokanka sauran labarin. Suna na Zazzagawa ne, ƙasar da aka yi ginin a kanta kuwa mafi yawanta ta Gbagyi ce, waɗanda muke kira Gwari, tare da Koro da Gade da Gwandara da Ganagana da Bassa. An fara da niyyar kwashe su gaba ɗaya, har aka kai mutanen Wuse wani wuri a hanyar Kaduna da ake kira Sabon Wuse, sai kuɗi ya gaza, aka yi ta sauya shawara. Har yau da yawansu suna jiran diyya, ba su da gwamna, ba su da majalisar jiha. Su suka ba mu ruwa da doya lokacin da muke awo a daji.

Tambaya: Baba, ni malamar firamare ce. Bayan dogon yajin aikin da muka yi a 2025, ina so in faranta wa 'yan ajina rai, in kai su wani wuri a cikin birni su ga tarihi da al'adun ƙasarsu. Na yi tambaya, kowa sai ya ce in kai su wurin lilo ko babban kanti. Ashe babban birnin ƙasa guda ba shi da inda za a kai yaro? (Wata malama daga Gwagwalada)

Amsa: 'Yata, wasiƙarki ta fi sauran taɓa ni, don na yi wannan neman da jikokina.

In kin tsaya tsakanin Babban Masallacin Ƙasa da babbar majami'ar Kirista, za ki ga wata doguwar hasumiya ta kankare. Ita ce hasumiyar Millennium, mai tsawon mita 170, wadda wani ɗan Italiya, Manfredi Nicoletti, ya zana. An fara ta a 2006, kuma a gindinta aka shirya gina cibiyar al'adu ta ƙasa, da gidan tarihi da zauren wasanni. Can ya kamata ki kai yaranki. Yaron da aka haifa shekarar da aka fara ta yanzu ya isa aure, ba a buɗe ba. Ba nisa da nan akwai ginin Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa, shi ma a 2006 aka ba da kwangilarsa a kan naira biliyan takwas da wani abu, da sharaɗin a gama cikin shekara biyu. Ya daɗe a tsaye ba tagogi, har a Satumban 2025 uwargidan shugaban ƙasa ta roƙi masu son yi mata kyautar cika shekara 65 su ba da kuɗin a ƙarasa shi. Na yaba mata, amma raina ya ɓaci da cewa sai da roƙo. A 2025 ɗin dai aka kashe naira biliyan 39 wajen gyara babban zauren taro na ƙasa da ƙasa, aka gama cikin 'yan watanni, yayin da ku kuke gida sama da wata uku kuna neman a biya ku mafi ƙarancin albashi, yara na yawo a titi. Kuɗi na fitowa in ana so. Jos na da gidan tarihi tun 1952, Kano na da Gidan Makama, Abuja kuwa har yanzu ba ta da babban gidan tarihi na ƙasa irin waɗannan.

Duk da haka kada ki fasa tafiyar. A cikin gari akwai cibiyar fasaha da al'adu ta Cyprian Ekwensi a Area 10, inda ake samun masu zane da sassaƙa da masu raye-rayen gargajiya. Ki je ke kaɗai tukuna ki shirya da su. Akwai lambun Millennium, wanda Sarauniyar Ingila Elizabeth ta buɗe a Disamban 2003, yara za su ci abincinsu a inuwa suna kallon dutsen Aso.

Amma da ni ne ke, Ushafa zan nufa, ta hanyar Bwari. Ƙauyen Gbagyi ne da mata ke ginin tukwane, har Shugaban Amurka Bill Clinton ya ziyarce shi a Agustan 2000. Na taɓa zama na kalli wata tsohuwa a can tana gina tulu. Ba ta da injin juyawa. Ta ɗora curin yumɓu a ƙasa, ita ce ke zagaya shi a sunkuye, tana jan bangon sama da yatsu, tana shafe bakin da jiƙaƙƙen tsumma. Da ya sha iska ta ɗauki ɗan guntun kara ta zana masa ƙadangare. Da ta gama ta ɗauki tulun a kafaɗa, don matan Gbagyi ba sa ɗora kaya a ka. Jikana bai ce uffan ba har muka shiga mota, sannan ya tambaye ni ko za a bar shi ya taɓa yumɓun in mun dawo.

Kafin ku tafi, ki sa kowane yaro ya zo da takardar naira 20. A gabanta Murtala ne, wanda ya sa hannu aka kafa birnin. Su juya bayanta, za su ga mace zaune tana gina tukunya. Ladi Kwali ke nan, 'yar garin Kwali, maƙwabtanku. Sarki Sulaimanu Barau yana ajiye tukwanenta a fada, a can wani Bature mai suna Michael Cardew ya gan su. A 1954 ta shiga makarantar tukwane da ya buɗe a tsohuwar Abuja, ita ce mace ta farko. Ta je Ingila da Amurka tana nuna gwanintarta, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984. Ki bar su su riƙe takardar a hannu suna kallon matan Ushafa na aiki. Ki tafi da rani, don da damina yumɓu ba ya saurin bushewa kuma ba a cika gashi ba. Ki nemi izinin mai gari tun da wuri, ki kuma tanadi ɗan kuɗi ku sayi tulu ɗaya ku ajiye a aji.